Ina son karanta lissafi a jami'a: tambayoyin ɗaliban karkara da na iyayensu

Duk shekara idan aka fara sayar da fom ɗin JAMB, a cikin 'yan aji shida da nake koyarwa a nan yankin Ringim ba a rasa ɗaya ko biyu da za su tsaya bayan an tashi su ce, "Malam, ni fa lissafi nake son karantawa." Yawanci murya ƙasa-ƙasa suke faɗa, don sun san abin da za a ce musu a gida. Tambayoyin nan nasu ne, wasu kuma na iyayensu da yayyensu ne.

Malam, ni nake zuwa na ɗaya a lissafi a ajinmu. Wannan ya isa ya nuna zan iya?

Alama ce mai kyau, amma ba ita nake fara dubawa ba. Zuwa na ɗaya a sakandare yawanci sauri ne da riƙe ƙa'ida a ka. Jami'a wani abu take nema daban, kuma ga hanyar da za ka gwada kanka yanzu kana zaune.

Tara lambobin mara a jere. 1 da 3 sun ba da 4. Ƙara 5, ka sami 9. Ƙara 7, 16. Ƙara 9, 25. Kowane jimla lamba ce da aka ninka da kanta: 2 sau 2, 3 sau 3, 4 sau 4, 5 sau 5. A nan ɗalibai suke rabuwa gida biyu. Wani zai ce, "Yauwa, na samu dabara," ya rubuta a bayan littafi ya wuce. Wani kuwa abin zai tsaya masa a rai: me ya sa haka, kuma wa ya ce ba za ta karye ba idan an kai lamba ta dubu?

To ɗebo tsakuwa. Ajiye guda ɗaya a ƙasa. Don ta zama murabba'i mai layi biyu-biyu, sai ka ƙara ɗaya a gefe, ɗaya a sama, ɗaya a kusurwa: uku ke nan. Don ta koma uku-uku, biyu a gefe, biyu a sama, ɗaya a kusurwa: biyar. Duk girman da murabba'in ya kai, abin da za ka ƙara shi ne tsawon gefe sau biyu da ɗaya ta kusurwa, kuma wannan ita ce lambar mara ta gaba, ba makawa. Ka ga yanzu ba sai ka gwada har dubu ba. Ka san ba za ta taɓa karyewa ba, kuma ka san dalili.

Idan da ka karanta wannan ka ji wani daɗi ya ratsa ka, har kana son ka kira ƙaninka ka nuna masa, to kai ne irin wanda sashen lissafi yake nema, ko da na biyar kake zuwa a aji.

Me ya bambanta lissafin jami'a da wanda muke yi yanzu?

Hujja. A sakandare ana ba ka ƙa'ida a ce ka yi aiki da ita. A jami'a za a ce ka tabbatar da ƙa'idar ita kanta, mataki bayan mataki, yadda mai gardama ba zai sami inda zai sa ƙafa ba. Misali ɗari ba hujja ba ne a wajen masu lissafi, kuma ba tsaurin kai ne ya sa suka ce haka ba.

Duba wannan. Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da 1 da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Bari mu kira su gagara-rabo. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu a ƙarni na 18, ya lura da wani abu: ka ɗauki lamba ka ninka ta da kanta, ka ƙara ita lambar, ka ƙara 41. Da 1 za ka sami 43, gagara-rabo ce. Da 2, 47. Da 3, 53. Haka za ka yi ta tafiya har 39, kowacce gagara-rabo. Wanda ya gwada sau talatin da tara zai iya rantsuwa cewa doka ce. Sai ka sa 40, ta ba ka 1,681, wanda shi ne 41 sau 41. Shi ke nan, ta rushe.

Akwai kuma na ɗaya gefen. A 1742 Christian Goldbach ya yi hasashen cewa duk lambar cika da ta wuce 2 za a iya samun ta ta hanyar tara gagara-rabo biyu: 8 ita ce 3 da 5, 20 ita ce 7 da 13, 100 ita ce 47 da 53. An sa kwamfuta ta gwada lambobi masu yawan da ba a iya faɗa da baki, ba a sami wadda ta saɓa ba. Duk da haka har yau sunansa hasashe, don babu wanda ya kawo hujja. Yaron firamare zai fahimci tambayar, shekara kusan 300 kuma manya sun kasa amsa ta.

Tsarin karatun shekara huɗu ne. Shekarar farko tana kama da ci gaban sakandare: aljabara, tirigonometiri, kalkulas (lissafin yadda abubuwa ke sauyawa), tare da fizis da kemistiri da darussan gama-gari irin su Turanci. Da yawa suna cin maki sosai a nan har su ɗauka sun gama da kwas ɗin. Shekara ta biyu ce mai tace mutane, lokacin da ake shiga analisis da aljabarar matiris da ilimin tari da mantiƙi. A nan ɗalibi zai buɗe takardar jarrabawa ya ga kusan babu lamba a ciki, sai "nuna cewa" da "tabbatar da cewa". Shekara ta uku da ta huɗu ana ƙara nutsawa, su tofoloji da aljabara ta zalla da lissafin lambobin da suka haɗa da saiwar ɗebe-ɗaya (saiwar lamba ita ce wadda in an ninka ta da kanta za ta ba da lambar, kamar yadda 3 take saiwar 9), sannan furojet na kammalawa. A gefe guda akwai ɓangaren aiki: lissafin yadda abubuwa ke sauyawa da lokaci, ƙididdiga, da hanyoyin sa kwamfuta ta kusanto amsar da ba a iya fitarwa da hannu.

Me ake buƙata kafin a ba ni gurbi?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, a ciki dole akwai Turanci da lissafi da fizis, kuma yawancin jami'o'i suna son kemistiri. A JAMB za ka zauna Turanci da lissafi da wasu darussa biyu, galibi fizis da kemistiri, ko da yake wasu jami'o'i suna karɓar tattalin arziƙi a madadin ɗaya. Kada ka dogara da abin da mai shagon intanet ya gaya maka, sa shi ya buɗe maka ƙasidar JAMB ta wannan shekarar ka ga sharaɗin jami'ar da ka zaɓa da idonka. Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400 gaba ɗaya, kuma ba a yin rijista sai da lambar NIN. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da JAMB da takardar sakandare. Wannan ƙaramin abu ya fi faɗuwa jarrabawa wahalar da 'yan ƙauye, domin wani a firamare an rubuta shi da sunan gari, a NIN kuma da sunan kaka.

Makin shiga lissafi ba ya kai na likitanci ko lauya ko kwamfuta, saboda masu nema ba su da yawa. Wanda ya yi NCE ko difloma ko IJMB (karatun share fagen shiga jami'a) yana iya shiga kai tsaye daga shekara ta biyu.

A ina zan karanta ba tare da na yi nisa da gida ba?

Ta wannan fuskar Kano da Jigawa sun yi sa'a. Akwai Jami'ar Bayero a Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Akwai ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, da Northwest a cikin birni. A Jigawa akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa da aka kafa a 2013. Duk suna koyar da lissafi. In kana iya ɗan nisa, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda sashenta na lissafi ya daɗe. A can Farfesa Iya Abubakar, ɗan Belel ta jihar Adamawa wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya shugabanci sashen kafin ya zama shugaban jami'ar baki ɗaya a 1975.

A ganina, ga ɗan talaka, kusancin gida ya fi sunan jami'a muhimmanci a digirin farko. Wanda zai iya zuwa gida ƙarshen wata ya ɗebo gero da wake da kuka a kuɗin mota kaɗan ya fi samun natsuwar karatu. Saiwar 2 ba ta canjawa tsakanin Kafin Hausa da Zariya.

Makarantarmu ba ta da malamin ƙarin lissafi, wani zangon ma ba mu da na lissafin gaba ɗaya. 'Yan birni ba za su bar ni a baya ba?

A zangon farko za su bar ka, gaskiya ke nan. Wanda ya fito daga makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe tun 1977 don irin wannan aiki, ko wata makarantar kuɗi ta birni, ya riga ya ga kalkulas. Kai kuwa ranar za ka fara jin sunansa. Amma ratar ta wata shida ce zuwa shekara. Idan aka shiga darussan hujja a shekara ta biyu kowa baƙo ne, kuma abin da ke raba mutane a lokacin shi ne wa zai iya zama awa uku a kan tambaya ɗaya bai tashi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da ɗalibanmu Turanci ne. Lissafin jami'a da jimloli ake rubuta shi, kuma ƙananan kalmomi ne suke riƙe da ma'anar. "Ga kowace lamba akwai wadda ta fi ta girma" gaskiya ne. "Akwai lambar da ta fi kowace lamba girma" ƙarya ne. Kalmomin kusan iri ɗaya ne, jerinsu kawai aka juya. A Hausa ka ji bambancin nan take. A Turanci, idan lakcara yana gudu kuma kana can bayan aji, zai wuce ka ba ka sani ba. Don haka duk ma'anar da aka ba ku, ka zauna ka faɗe ta da Hausa da bakinka, kamar kana yi wa wani bayani a dandali. In ta ƙi faɗuwa, ba ka gane ta ba tukuna. Sannan ka mayar da ita Turanci ka rubuta.

Baba ya ce, "Lissafi me za ka ci da shi? Ƙarshenta dai malamin makaranta." Me zan ce masa?

Da farko kada ka yi masa musu, don rabin maganarsa gaskiya ce. Mafi yawan waɗanda suka karanta lissafi a yankinmu koyarwa suke yi, ni ma ga ni. Albashin ba mai yawa ba ne. Sai dai malamin lissafi ba ya rasa aji, na gwamnati ko na kuɗi ko darasin yamma, domin ƙarancinsu a karkara ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya san koyarwa yake so, ya nemi digirin ilimi da lissafi tun farko, ko ya ƙara diflomar koyarwa bayan ya gama, ya yi rijista da TRCN, hukumar rijistar malamai.

Ɗaya rabin kuma shi ne, takardar digirin lissafi ita kaɗai ba ta buɗe ƙofa yadda ta likita ko ta injiniya take yi. Babu ofishin da aka rubuta "mai lissafi" a ƙofarsa. Abin da ke akwai shi ne ayyukan da ke neman mai kan lissafi wanda kuma ya iya wani abu: bankuna, kamfanonin inshora da na fansho masu auna haɗari, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Hukumar Ƙidaya, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin lafiya da na noma masu tattara bayanai a ƙauyuka suna neman wanda zai fitar musu da ma'ana. Wannan "wani abu" a yau yawanci rubuta manhaja ne da sarrafa bayanai, da Python ko R, ko aƙalla Excel sosai. Wanda ya gama shekara huɗu bai koyi ko ɗaya ba, ya yi wa kansa ƙulli.

Ga misalin da Baba zai gane, in yana noma a bakin kogin Haɗeja. Ruwan da ke zuwa masa daga dam ɗin Tiga da na Challawa yake fitowa. In an riƙe ruwan da yawa, masu noman rani a ƙasa su rasa. In an bari dam ya cika aka sake shi lokaci guda a tsakiyar damina, gonakin Ringim da Auyo da Haɗeja su sha. Nawa ke shiga, nawa ke fita, nawa rana ke ƙonewa, kwana nawa ruwan zai yi kafin ya iso wane gari: wannan lissafin sauyi ne da ƙididdigar ruwan sama, irin wanda ake koyarwa a shekara ta biyu da ta uku. Injiniyoyin ruwa ne ke riƙe da aikin, amma da wannan ilimin suke yin sa.

Kuma in za ka yi maganar, kada ka yi ta a gaban mutane. Ka samu kawunka ko wani malami da Baba yake jin nauyinsa ya raka ka.

Malam, ni mahaifinsa ne. Wannan karatu yana da wata alaƙa da addininmu, ko na Turawa ne zalla?

Ranka ya daɗe, a zauren malamai ma ana yin sa, sunan ne ya bambanta. Ɗauki rabon gado. Mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su biyun suna da biyu bisa uku. In dukiyar naira 700,000 ce, rabi 350,000 ne, biyu bisa uku kuma ya haura 466,000. An tara, ya fi abin da aka bari. Irin wannan mas'ala ta taso a zamanin Sayyidina Umar, aka warware ta da abin da malaman fara'id suke kira auli: asalin rabon shida ne, miji uku, 'yan'uwa huɗu, jimla bakwai, sai a raba dukiyar gida bakwai maimakon shida. Miji ya ɗauki 300,000, kowace 'yar'uwa 200,000. Kowa ya ragu daidai gwargwadon rabonsa, ba a zalunci kowa ba. Haka zakkar amfanin gona, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da wahala da kuɗi.

Aljabarar da yaronka zai karanta, littafin da ya kafa ta Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ne ya rubuta shi a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya yake. A ƙasar Hausa ma muna da namu. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malami daga Katsina, ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake jera lambobi a murabba'i ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙantarsa shi ne mai gida tara, inda lambobi 1 zuwa 9 suke ba da 15 ta kowace fuska. Irin wannan murabba'i ne muke kira hatimi. Abin da mutane suke yi da hatimi wannan magana ce ta malamai, ni ba fagena ba ne, amma hanyar gina shi lissafi ne tsantsa, kuma masu tarihin lissafi suna ambaton wannan Bakatsine har yau. A Alƙahira ya rasu a 1741.

Da gaske ne lissafi yana taɓa ƙwaƙwalwa?

A'a. Rashin barci da yunwa da shan ƙwayar hana barci lokacin jarrabawa su ne suke taɓa mutum, ko tarihi yake karantawa. Abin da mutane suke gani shi ne mai lissafi yana tafe yana motsa baki, ko yana zane a ƙasa da tsinke. Tambaya ce ta ƙi sakinsa.

Kuɗin fa? Mu manoma ne.

Lissafi yana cikin kwasa-kwasan kimiyya mafiya sauƙin kashe kuɗi, tunda ba kayan gwaji ba ne, takarda ce da biro. Nauyin yana wajen rijista da masauki da abinci, kuma tun 2023 jami'o'i da dama sun ƙara kuɗin rijista sosai. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba da bashin karatu ta asusun NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ana kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara cirewa, kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Bashi ne dai, a shiga da sanin haka. Kano da Jigawa kuma kowacce tana da hukumar tallafin karatu, a riƙa bibiyar sanarwarsu, amma kada a gina lissafin shekara a kan kuɗin da ba a san ranar fitowarsa ba.

Ɗalibin lissafi yana da wata hanya da sauran ba su cika samu ba. Daga shekara ta biyu zai iya koyar da 'yan sakandare masu shirin WAEC da JAMB da yamma. Ya taƙaita shi ga kwana biyu ko uku a mako. Na ga waɗanda darasin yamma ya cinye musu digirin da suka zo yi.

Ni mace ce. Ana cewa lissafi na maza ne, kuma ana maganar aure a gida.

Ƙanwata, maganar farko ba ta da tushe. Grace Alele-Williams ta yi digirin digirgir a fannin koyar da lissafi a Amurka a 1963, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, a Benin, a 1985. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta karɓi lambar Fields a 2014, wadda ita ce mafi daraja a duniyar lissafi. A ajina ma, sau da yawa littafin da ya fi tsabtar hujja na mace ne, sai dai ba ta ɗaga hannu.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi. Aure ba ya hana digiri, mata da yawa sun yi da goyo. Amma lissafi ba ya son yankewa, domin kowane darasi a kan na baya yake zaune, wadda ta rasa mako uku sai ta yi da gaske kafin ta kamo. In auren zai zo a tsakiya, a yi maganar karatun a fili tun wajen neman aure, waliyyai su ji, a san garin da za a zauna da wanda zai riƙe yaro lokacin jarrabawa. Alkawarin da saurayi ya yi a zance shi kaɗai ba ya isa. Makarantun 'yan mata na karkara kuwa suna matuƙar buƙatar malamar lissafi mace, wannan hujja ce da iyaye suke saurara.

Injiniya na nema, aka ba ni lissafi. In karɓa?

Da yawan 'yan ajin farko haka suka shigo. In kana jin daɗin lissafi, fushin rasa injiniya ne kawai yake damunka, karɓi. In kuwa tun sakandare da ƙyar kake haɗiye shi, kada ka shiga da niyyar "in dai na samu takarda". Shekara huɗu na hujjoji ga wanda ba ya so azaba ce, kuma yawanci da ƙaramin sakamako ake fita. Canja sashe bayan shekara ɗaya yana yiwuwa a wasu jami'o'i, amma sai da maki mai kyau da kuma gurbi, ba a dogara da shi.

Yaya ake karanta shi har a ci?

Da biro a hannu. Wanda ya tsaya a bakin gona yana kallon mai huɗa ba ya koyon huɗa, sai ya kama garmar. Karanta hujja sau ɗaya, rufe littafin, ka gwada rubuta ta da kanka. Inda ka maƙale, nan ne ba ka gane ba, koma ka duba wannan layin kaɗai. Haddar hujja baki ɗaya, wadda ɗalibanmu suka ƙware a kai saboda horon allo, tana iya ba ka maki a gwaji, amma da lakcara ya sauya harafi ɗaya za ta watse. Yi amfani da ƙarfin haddar wajen riƙe ma'anoni kalma da kalma, nan ne take da amfani ƙwarai.

Nemi abokai biyu ko uku ku riƙa haɗuwa a ajin da ba kowa, kowa ya hau allo bi da bi, sauran su yi masa gardama. Ka nemi tambayoyin shekarun baya tun farkon zango, ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka san lissafin makinka. Maki 70 zuwa sama shi ne A, mai daraja 5. Matsakaicin 4.50 shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 daraja ta biyu babba. Shekarar farko ita ce mafi sauƙin tara maki, kuma wanda ya yi wasa da ita zai yi shekara uku yana biyan bashi. Faɗuwa darasi ɗaya ba ƙarshen duniya ba ne, amma tara keri-oba, wato darussan da aka faɗi sai an maimaita, uku ko huɗu yana danne zangon gaba.

Sai ina da kwamfuta? Kuma tunda waya tana warware lissafi yanzu, me ya rage?

Shekarar farko waya mai ɗan kyau ta isa. Sauke GeoGebra don zana jadawali, ka kalli darussan Khan Academy ko na jami'ar MIT ta Amurka a YouTube lokacin da ka samu intanet na makaranta. Daga shekara ta biyu ka yi ƙoƙarin samun kwamfutar hannu ko ta hannu-biyu ce, saboda koyon manhaja.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna warware tambayoyi, gaskiya ne, kuma wani lokaci suna kawo hujja mai kyan gani da rami a tsakiyarta. Wanda bai iya ba ba zai ga ramin ba. Ka gwada tambayar da kanka tukuna, sannan ka duba nasu kana neman inda suka kauce.

In na gama da sakamako mai kyau, ina ne gaba?

Jami'o'i sukan riƙe masu daraja ta ɗaya su fara koyarwa. Akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja, mai shirya gasar Olimfiyad da horarwa. Akwai cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar ɗaliban Afirka digiri na biyu kyauta har da abinci da masauki. Akwai cibiyar ICTP a Tiriyeste ta Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a 1964, mai shirin difloma na shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Duk suna neman sakamako mai ƙarfi da wasiƙar shaida daga malamanka, don haka ka bari malaman sashenku su san fuskarka tun kafin shekarar ƙarshe.

Na gama jarrabawa, ina gida ina taya Baba aikin damina. Me zan yi kafin sakamako ya fito?

Ware awa ɗaya bayan sallar asuba, kafin a fita gona. Ka koma kan abubuwan da ake ɗauka kowa ya iya: ɓangarorin lamba, warware baka, logaridim, tirigonometiri. Yawancin masu faɗuwa kalkulas a aljabarar aji huɗu suke faɗuwa. Ka ari littafin ƙarin lissafi wajen wani da ya gama, ka fara babin kalkulas ko da ba malami.

Sannan ga aikin da zai amfani gidanku. Ana faɗin adadin taki da iri a kan hekta, amma manoma kaɗan ne suka san girman gonarsu, tunda gonakinmu ba murabba'i ba ne. Samu igiya ka auna mita goma ka ƙulla alama. Raba gonar zuwa yankuna masu kusurwa uku ta hanyar kafa turaku, ka auna gefe uku na kowanne. Tara gefunan ka raba biyu. Daga wannan rabin, ɗebe kowane gefe ɗaya bayan ɗaya, ka ninka sakamakon uku da juna, ka ninka da rabin, ka fitar da saiwa. Misali gefuna mita 30 da 40 da 50: jimla 120, rabi 60, ragowar 30 da 20 da 10. Ninka 60 da 30 da 20 da 10, ka sami 360,000, saiwarsa 600. Yankin murabba'in mita 600 ne. Tara na duk yankunan ka raba da 10,000, ka sami hekta. Ƙa'idar Heron ake kiran wannan, da sunan wani masani na Iskandariya ta Masar. In ka gama awon, ka zauna ka gwada gano dalilin da ya sa take aiki ga kowane mai kusurwa uku, ka fara da mai kusurwar tsaye irin na misalin nan, inda rabin 30 sau 40 ma 600 yake bayarwa.